Ko Kun Sani?

Ko kun san zama ba aiki yana iya lalata injin buga banna fiye da yawan aiki? Kan injin, irin Epson DX5, yana da ramuka 1,440 da tawada ke fesowa ta cikinsu, kowanne bai kai kaurin gashi ba. Da hunturu, busasshiyar iska da ƙura kan daskarar da tawadar a bakin ramukan, sai fararen layuka su keto fuskar fosta. Abin ya fi muni idan wuta ta ɗauke kafin kan ya koma mazauninsa na roba da ke rufe shi. Shi ya sa gwanin sana'ar yake buga ɗan gwaji kowace safiya, ko da kwastoma bai leƙo ba.