Yanar ido ga yaro, ƙullutu a agara

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san madaciya, ƴar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Ruwan cikinta shi ke narkar da maiƙo a hanji, kuma hanta ce ke haɗa shi daga wani kitse mai suna kolesterol. Akwai cutar gado, wadda ba kasafai ake samunta ba, da ke ɓata wannan aiki. Sunanta CTX. Wani likitan Beljik, Ludo van Bogaert, da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1937.

Hantar mai cutar ta rasa wani sinadari guda, don haka ruwan madaciyarsa ba ya cika. Ta yi ta fama, amma kamar injin niƙan da ya lalace yana zubo tsaki maimakon gari, sai ta riƙa fitar da wani abu mai suna kolestanol. Shi ke taruwa a jini, sannu a hankali ya kwanta a ido, da jijiyoyi, da ƙwaƙwalwa.

Alamun ba sa zuwa tare, nan gizo ke saƙar. Jariri ya yi ta zawo wanda ba ya jin magani, a ce ruwan rijiya ne. Yana ɗan lakwal yana ta rufe masa idanu biyu, alhali yana ciwon tsofaffi ce. Ya zama saurayi, ƙullutu mai tauri ya fito masa a agara ko a gwiwa. Bayan shekara 20 sai tangaɗi, da mantuwa, wani har farfaɗiya, a ce iskoki ne. Ko an auna kolesterol ɗinsa, yawanci daidai ake tarar da shi. Kolestanol ne ya kamata a nema, shi kuwa sai babban ɗakin awo.

Ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma abinci ke kawo ta ba. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinta, ko da lafiyarsu ƙalau. Kowane ciki kuwa, damar ɗaya ce cikin 4 a haifi mai cutar. Shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Tana da magani, kenodiyol, mai maye gurbin abin da hanta ta kasa haɗawa. An tabbatar da amfaninsa a 1984, kuma sha ne na tsawon rai. In an soma da wuri ana iya tsare ƙwaƙwalwa. Abin da ya riga ya lalace da wuya ya dawo. Yaron da yana ta kama shi, iyaye su gaya wa likitan ido labarin zawonsa na jarirantaka, a kuma duba yayyensa da ƙannensa.