Gobara da Wutar Lantarki: Hukunci Sai da Hujja

Duk sa'ad da gobara ta ci kasuwa ko gida a ƙasashenmu, tun hayaƙi bai kwanta ba, tun masu dukiya ba su gama salati ba, sai ka ji an yanke hukunci cewa wutar lantarki ce, a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, a watse. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Jos a 2002, ta Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, kasuwar Monday ta Maiduguri kuwa a Fabrairun 2023. Amma da za ka tsayar da ɗan kasuwar da rumfarsa ta zama toka a irin waɗannan masifu, ka tambaye shi daga wace kusurwa wutar ta tashi da abin da ya tashe ta, da wuya ka sami amsar da ta wuce "an ce". Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, amma malamanmu ba su taɓa cewa imani da ita ya hana neman sababi ba, kuma zato, komai ƙarfinsa, ba ya tsayawa a matsayin yaƙini.

Binciken gobara fanni ne mai zaman kansa, daban da aikin kashe ta, kuma yana da ƙa'idoji kamar yadda shari'a take da su: a fara gano asalin wurin da wuta ta kama, sa'an nan a nemi abin da ya kunna ta. A Amurka, ƙungiyar kare gobara da ake kira NFPA ta fitar da jagora mai lamba 921 tun a 1992 domin wannan aiki, ta kuma sanya sanin lantarki cikin sharuɗɗan cancantar mai bincike, saboda babu ginin zamani da za a tone tokarsa a rasa waya a ciki, kuma wanda bai iya karanta waya ba ita zai ɗora wa laifi ko da ba ta da shi.

Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, abin da gobarar ɗaki ba kasafai take kaiwa ba, alhali tartsatsin haɗuwar wayoyi biyu yana haura dubban digiri cikin ƙiftawar ido. Don haka yakan bar ɗan ƙullutu mai santsi a bakin wayar, da iyaka bayyananniya tsakanin inda ya narke da inda bai narke ba, saɓanin narkewar da zafin gobara ke yi, wadda takan bi tsawon waya tana sirantar da ita. To, a nan ne mai ƙaramin sani yake tuntuɓe, domin da ya ga ƙullutun sai ya ce ya kama ɓarawo, bai san cewa gobarar da ta tashi daga garwashi ko kyandir ko fetur ita ma, idan ta cinye robar waya alhali akwai wuta a cikinta, takan haɗa wayoyin su bar irin wannan alama ba. Ƙullutun shaida ne cewa wayar tana ɗauke da wuta a lokacin, ba hujja ba ne cewa ita ta fara. Mai horo yakan bi wayoyin ginin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta inda kowace alama take, ya duba fis da makatsar wuta, sa'an nan ya auna wannan duka da sawun ƙuna a bango da kuma bayanin shaidu.

Haka kuma akwai illolin da ba a gane su sai da ilimi. Mahaɗar waya da ta saki a bayan soket takan yi ja kamar garwashi ba tare da fis ya yanke ba, domin wutar da ke bi ta wurin ba ta wuce ƙima ba. Idan wayar nan da masu aikin lantarki ke kira nutural ta tsinke a layin unguwa, ƙarfin wutar da ya kamata ya tsaya a bolt 230 yakan tasam ma 400 a wasu gidaje. Ga jabun waya mai siririyar zuciya, ga fis da aka ɗaure da waya mai kauri don kada ya riƙa yankewa, ga hita da aka manta a bokiti lokacin hunturu har aka dawo da wuta cikin dare.

Dubi gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta yi sanadin rasuwar mutum 72. Masu bincike ba su tsaya ga cewa lantarki ne ba. Sun bi sawu har ɗakin girki na wani gida a hawa na huɗu, har cikin firij, inda wani masanin lantarki ya shaida wa kwamitin bincike cewa mai yiwuwa wata mahaɗar waya da ba a matse da kyau ba ce ta yi zafi. Bayan gano mafarin, binciken ya kuma ɗora alhaki kan rufin da aka lulluɓe bangon benen da shi, wanda ya sa wutar ɗaki guda ta cinye kusan duk ginin.

Jahilci a wannan babi zalunci biyu yake haifarwa: wanda ya cinna wuta da gangan ya fake da lantarki ya tsira, mai gadi ko maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba ya sha tuhuma, illar da ta jawo asarar kuwa a sake gina ta cikin sabuwar kasuwa. Saboda haka wajibi ne hukumomi su ɗauki horon binciken gobara a matsayin farali na kifaya, makarantar 'yan kwana-kwana ta Sheda da ke Abuja ta haɗa hannu da injiniyoyin hukumar NEMSA mai sa ido kan aikin waya, kuma duk rahoton da aka kammala a bayyana shi ga jama'a.

Kai kuma mai karatu, naka aikin ba ƙarami ba ne. Idan tsautsayi ya auku, kada ka yi gaggawar share wurin, kada ka bar 'yan jari-bola su kwashe wayoyi da ƙonannun na'urori, kada ka taɓa makatsar wuta bayan an kashe gobara, kuma ka yi hattara da faifan sola da batir, domin suna iya riƙe wuta ko da layi a yanke yake. Ka tuna lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka kawo ta, ko janareta na aiki, da abin da aka bari a kunne, ka faɗa wa mai bincike gaskiya ko da a kanka take, domin ɓoye shaida laifi ne a wurin Allah, kuma rumfar da gaskiyarka za ta tserar gobe wataƙila taka ce.