Maganin Tamowa Yana Cikin Rumbu

Duk wanda ya ga buhunan albasar Aliero, ko ya ratsa kasuwar Jega da kaka, ba zai ce akwai yaron da abinci ya gaza masa a wannan ƙasa ba. Amma akwai. A shekarar 2022 sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda aka kafa a Faransa, ta buɗe ɗakin kwantar da yara masu tamowa a asibitin Maiyama.

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin Kakalaba ta 1914, dattawa kuma ba su manta da farin 1973 ba. Sai dai tamowa ba ta jiran fari. Galibi takan shigo ne da damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓi da zawo. Yaron da aka yaye ba ya samun kome sai farin koko. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai ƙaru ba. Sannu a hankali sai ya rame, gashinsa ya yi ja, wani ma ƙafafunsa su kumbura.

Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tsiri da suke auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In awon ya kasa santimita 11 da rabi, to, ciwo ya yi tsanani. Irin wannan yaro, da wanda ya kumbura, asibiti za a kai su ba tare da jinkiri ba.

Abincin taimakon da ake ba su a ƙananan ledoji ba wani abin mamaki ba ne. Gyaɗa ce aka markaɗa da garin madara da sukari da mai, aka ƙara magungunan ƙarfafa jiki. Ya ceci yara masu yawa a Maraɗi cikin yunwar 2005. Amma magani ne na mai ciwo, bai kamata a raba wa sauran yaran gida ba, balle a kai shi kasuwa.

To, ga inda zance ya dawo kan manomi. Abincin taimako da kuɗin waɗansu ake sayensa, yau akwai, gobe babu. Hausawa kuwa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai garin kunun da ake kira Tom Brown, wanda aka koya wa mata a ƙasar Jega da Maiyama: mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. A jiƙa waken, a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne dabam, sa'an nan a niƙa su tare. Jariri nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, daga nan a haɗa masa da kunun.

Saboda haka in kaka ta yi, kada maigida ya sayar da gyaɗarsa da wakensa kaf don ya ga kuɗi a hannu. Ya ware rabon yara tukuna, ya ajiye don damina. Buhun da aka sayar da araha a watan Nuwamba, da tsada ake sayo shi a watan Yuli.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya mana zuriya.