Baiwar Yaran Cikin Ganuwa da Ƙaramar Sakandaren Gwamnati

Shekaru ukun da yaro ke yi a ƙaramar sakandare, daga wajen shekara 12 zuwa 15 da haihuwa, su ne lokacin da baiwarsa ke fara fitowa fili. A nan ake gane wanda lissafi ke bi masa hannu, da wadda in ta buɗe baki aji ke yin tsit, da wanda hannunsa ba ya rabuwa da zane a bayan littafi. To amma a makarantun gwamnati na cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Gwale, daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Nassarawa, abin da aka fi sa wa ido a waɗannan shekaru shi ne yaro ya kwafi abin da ke allo, ya haddace, ya zuba a jarrabawar aji uku. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su ta muhawara, da ta kimiyya, da ta wasan kwaikwayo, da ta aikin jarida, a wurare da dama sai dai a ga sunayensu a jadawali. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira kuwa, duk da yana cikin manhajar ƙasa, sau da yawa da alli da baki kawai ake koyar da shi. Ina ganin wannan babbar asara ce, kuma maganinta yana nan kusa, a cikin ganuwa.

Tarihin birnin da kansa shaida ne. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen koyar da sana'ar hannu tun daga farko. Makarantar Midil ta Kano, wadda aka kafa a 1927 kuma a yau ake kira Kwalejin Rumfa, ita ta yaye Malam Aminu Kano da Sarki Ado Bayero da Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Abin da aka san waɗannan mutane da shi, wato iya magana a gaban jama'a da iya kafa hujja, ba a takardar jarrabawa ake koyonsa ba. Malam Aminu yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa yana sukar zalunci da cuta a kasuwa, kuma da ya zama malami a Bauci yana cikin waɗanda suka raya zauren tattaunawar da su Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke halarta. Haka nan gasar rubutun da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Muhammadu Gwarzo. Kafin gasar ma suna da baiwarsu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu ga fili. Ko masana'antar fim ta Kano, wadda a yau dubban mutane ke cin abinci a cikinta, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa ta tsiro, irin su Tumbin Giwa da ta fito da Turmin Danya a 1990.

Mai ƙalubale zai ce ai Kano ba ta yi sake da yara masu hazaƙa ba, tunda tun 1977 ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya shiga asibitocin Arewa da jami'o'inta zai tarar da likitoci da injiniyoyi da malaman da waɗannan makarantu suka yaye. Gwamnatin tarayya ma tana da makarantar masu baiwa a Suleja, Jigawa kuma ta gina tata a Bamaina. Sai dai a lura da yadda ake shiga makarantun kimiyya na jiha: da jarrabawa ne bayan an gama aji uku na ƙaramar sakandare. Ke nan suna girbe abin da wani ya shuka ne. Yaron da ya fito daga makarantar kuɗi, an ba shi littattafai, an yi masa darasin yamma, shi ke da rinjaye a kan ɗan mai facin taya da ya yi shekara uku a aji mai cunkoso ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ya warware wani lissafi da kansa. Ban da haka, jarrabawar awa biyu ko uku ba ta auna mai zane, ba ta auna mai tsara waƙa, ba ta auna yarinyar da za ta iya jagorantar 'yan'uwanta su shirya mujallar bango. Makarantar musamman tana ɗaukar ɗaruruwa, yaran cikin birni kuwa dubbai ne. Idan ba a nemi baiwa a makarantar unguwa ba, mafi yawanta ba za ta taɓa isa ƙofar makarantar musamman ba.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma ba na raina shi. Za a ce makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, malami ɗaya na fama da ɗalibai fiye da ƙima, ina ita ina ƙungiyar muhawara? Ai gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wanda ke nuna girman matsalar. Amsa ita ce ayyukan nan su ne mafi arha a duk abin da makaranta ke yi. Muhawara ba ta bukatar komai sai inuwa da malami mai kishi da awa ɗaya a mako. Mujallar bango takarda ce da gam. Ƙungiyar kimiyya za ta iya farawa da tsohon batir da waya da ƙwan tocila da ake samu a Kasuwar Kurmi ko a wajen masu gyaran rediyo. Sannan a ajin da ya cika maƙil, malami ba shi da hanyar sanin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. A ƙungiya mai yara ashirin ne zai ga wanda ke da abin faɗa. Cunkoson da ake kafa hujja da shi don a jingine ƙungiyoyi, shi ne ma babban dalilin da ya sa ake bukatarsu. Kuma muhawara karatu ce, don wanda zai tsaya ya kare ra'ayi dole ya karanta, ya tsara zance, ya saurari abokin karawarsa.

Wajen fasaha kuwa, makarantar cikin birni tana da arzikin da makarantun kuɗi na Nassarawa ba su da shi. Karofin Ƙofar Mata yana nan, inda marina ke tsoma zane a baba kamar yadda kakanninsu suka yi. A rijiyar rini guda akwai darasin sinadarai da na zane da na tarihi. Dukawa da majema suna nan, masu ɗinkin aska takwas suna nan, maƙera da masu zanen bango suna nan, ga kuma Gidan Makama, wanda aka gina a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yau gidan tarihi ne da yaro zai iya takawa da ƙafa ya je. Da shugaban makaranta zai je wajen mai unguwa ya nemi a haɗa shi da wani dattijon baduku ko marini da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata, da wuya a mayar da shi hannu rabbana, domin su ma masu sana'ar kukansu shi ne 'ya'ya sun ƙi gado. Yaron da ya ga an shigo da babansa aji an kira shi malam zai daina ganin sana'ar gidansu abin kunya.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da duk abin da aka kira fasaha, suna tsoron kiɗa da rawa da cakuɗuwar maza da mata. Tsoronsu yana da tushe, kuma makarantar da ta yi biris da shi za ta rasa yardarsu. Amma fagen yana da faɗi. Rubutun Alƙur'ani da zayyanar allo fasaha ce da malamanmu suka daɗe suna yi. Rubutacciyar waƙa gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u ce, da ita suka karantar da al'umma. Mafi yawan makarantun nan ma na maza daban ne, na mata daban. Hasali ma al'ummarmu ta riga ta san yadda ake gano mai baiwa a raine shi: a tsangaya yaro kan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, wanda Allah ya buɗe masa kuma a tura shi gaba har ya zama alaramma ko gwani. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, tana tsamo gwanaye ne tun daga ƙaramar hukuma har zuwa jiha da ƙasa, kuma Kano ta sha yin fice a cikinta. Irin wannan tsani ake bukata ga lissafi da kimiyya da rubutu da zane.

Matsalar lokaci ce kaɗai ba ta da sauƙin warwarewa, don da an tashi makaranta wasu Islamiyya za su, wasu kasuwa, 'yan mata da yawa kuma talla ke jiransu. Saboda haka dole awar ƙungiyoyi ta zama cikin lokacin makaranta, a kare ta kamar yadda ake kare darasin Turanci, a kuma ba malamin da ya riƙe ta ɗan alawus, a sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Kira na ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale shi ne su kafa gasar shekara-shekara tsakanin ƙananan sakandaren cikin ganuwa, su ajiye sunayen yaran da suka yi fice, su bi su har babbar sakandare. Tsofaffin ɗalibai da attajiran Kurmi da Kantin Kwari kuwa, kowannenku ya ɗauki nauyin ƙungiya ɗaya a makarantar unguwar da ya tashi.