Kada mota ɗaya ta shiga Tenere

Da zarar an gama girbi hatsi ya shiga rumbu, tashoshin Agadas sukan cika da baƙin fuska. Daga Kance da Matamaye, daga Tasawa da Daura da Kano, wasu sun nufi Libiya, wasu Aljeriya, wasu kuma ramukan zinariya na Jado da Cibarakaten da aka gano a 2014. Tun watan Nuwamban 2023, da gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, motocin da a da suke sulalewa cikin dare sun koma yin lodi da rana tsaka. Kuɗi ya shigo harkar, duk wanda ya samu Hilux ta hannu ya wayi gari direban hamada. Ga kuma 'yan birni masu jif, waɗanda suka ga hotunan tuddan rairayi a TikTok, suna haɗa tanti da tukunyar gas za su je shan iska. Dukansu magana ɗaya ce a bakinsu: ai kat-kat ce, tana ja da taya huɗu, babu inda ba ta shiga. Maganar nan ta ci rayuka, kuma in ba a tare ta ba za ta ƙara ci kafin bazara ta fita.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, masu neman kaiwa Tamanrasat. Motoci biyu suka ɗebo su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ita ma ba ta dawo ba. Da jira ya ƙi ƙarewa sai mutane suka watsu neman rijiya, aka yi ta samunsu rukuni-rukuni, uwa da 'ya'yanta a wuri guda. Gwamnati ta sa kwana uku na makoki. A ƙarshen Mayun 2017 wasu 44, galibi 'yan Gana da Najeriya, suka mutu tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta tsaya. Babu ɗan fashin da ya harbe su, babu motar da ta kife. Inji ne ya mutu, ruwa ya ƙare.

A yi lissafin da direba ba ya son fasinja ya yi. Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba. A tasha ana jera mata mutum 25, wani lokaci fiye, ƙafafu a waje suna reto, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya kayar da shi. Mutum 25 a kan kilo 60 kowanne, kilo 1,500 ke nan, ba a sa durom ɗin mai ba, ba a sa jakunkuna ba. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura 45, mutumin da ke zaune a inuwa ba ya motsi yana bukatar ruwa lita 5 a yini, wanda yake haƙa yashi a ƙarƙashin mota kuwa ninkin haka ma da kyar. Lita 5 sau 25, lita 125, wato jarka biyar mai cin lita 25 kowace rana. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan kwana uku kaɗai ya kai nauyin fasinja shida, kuma fasinja yana biyan kuɗi, jarka ba ta biya. Kowa ya san wanda za a bari a tasha.

Sannan ruwan nan ba na mutane ba ne su kaɗai. Mota mai nauyin da ya fi ƙarfinta, tana kukan giya ta biyu cikin rairayi mai laushi, iska na busowa daga baya, ba a jimawa allurar zafi take hawa ja. Direba ya tsaya, ya buɗe bonet, ya ɗauko jarkar sha ya juye wa lagireto, fasinjoji suna kallo ba mai cewa uffan, don sun san in ba ta sha ba su ma ba inda za su. In akwai tiyon da ya tsage, abin da aka zuba yashi ne zai shanye shi. Haka mai. Lissafin da aka yi a kwalta ba ya aiki a nan, domin rairayi mai zurfi yakan kusan ninka shan mai. Wanda ya auna tankinsa da nisan Kano zuwa Damagaram ya ce ya isa, zai tsaya a inda babu ko tsuntsu.

Taya huɗu masu ja suna da amfaninsu, ban musa ba. Sai dai a hannun wanda bai iya ba, su ne suke kai shi can ciki inda ƙaramar mota ba za ta taɓa kai shi ba, su kafe a can. Tsofaffin direbobin Tubawa da Buzaye kafin su hau rairayi sukan sauka su rage iskar taya, daga kilo 2 da rabi zuwa 1 da ɗoriya, abin da mai faci a Najeriya zai ce daga 35 zuwa wajen 18, don tayar ta baje ta hau kan yashi. In sun fito kan tsakuwa su mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar ya yi zafi ya fashe, shi ya sa ba sa rabuwa da famfo. Sukan keta tudu da sassafe yashi na da sanyi da ƙarfi. Sabon shiga kuwa da ya ji mota ta fara nutsewa sai ya danna totur, tayoyi su yi ta haƙa har cikinta ya zauna a ƙasa, kuloci ya fara warin ƙuna. A nan ne zai tuna bai ɗauko shebur ba, balle farantan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya, kuma jak ɗinsa ba shi da katakon da zai tsaya a kai. Safaya ɗaya ce, ita ma ta sha faci. Fanbel, tiyon lagireto, matatar mai da ta iska, duka kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba, amma kowannensu ya isa ya tsayar da mota har abada a wurin da ba shago.

Ko da an haɗa duk waɗannan, mota ɗaya mota ɗaya ce. Kakanninmu da suka yi fataucin gishiri da dabino daga Fashi da Bilma ba su taɓa sakin raƙumi guda ya keta hamadar Tenere ba. Ayari ake yi, da madugu wanda ya san rijiyoyi da taurari. Yau ma kwambar da sojoji suke rakawa daga Agadas zuwa Dirku tana tashi ne sau ɗaya a mako, kuma duk da jinkirinta da ƙurarta da tsaye-tsayen shingaye, wanda ya lalace a cikinta akwai mai ganinsa. Shekarun da dokar 2015 take aiki sun koya wa direbobi kauce wa rijiyoyin da aka sani, irin su Espuwar da Ashegur, saboda a nan jami'an tsaro suke jira. An soke dokar, amma ɗabi'ar yanke ba ta tafi ba, don yanke yana rage abin da ake bayarwa a hanya. Duk direban da ya ce maka "ni ina da hanyata", ka gane ma'anarta: in kun tsaya, babu wanda zai biyo sawunku.

Kada kuma a ruɗu da waya. Sabis yana ɗaukewa ba da nisa da gari ba. Na'urar GPS za ta gaya maka inda kake, ba za ta gaya wa kowa ba. Wayar Thuraya ce take kira daga can, ita ma sai da caji da kati da lambar wanda zai iya tayar da mota ya zo. A Janairun 1982 ɗan Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya lokacin tseren Paris zuwa Dakar, sai da jirgin saman soja ya gano shi. Ɗan Kance ba shi da uwar da za a tayar wa jirgi. Abin da yake da shi shi ne mutumin da ya bari a gida, wanda ya san ranar tashi da hanyar da aka bi da ranar da ya kamata a ji murya, wanda zai ta da hankalin hukuma da 'yan tasha tun a kwana na farko na shiru.

In ƙaddara ta sa mota ta mutu, a zauna wurinta. Daga nesa ana hango mota, ba a hango mutum. A ɗaura bargo ko tabarma a yi inuwa, a kwanta da rana, a bar aiki sai dare. A ƙona safaya da rana, baƙin hayaƙinta yana tashi sama sosai. Ruwan lagireto in an sa masa maganin sanyaya inji guba ne, yana kashe ƙoda. Tafiya a ƙasa sai in rijiya tana kusa, akwai wanda ya san ta da ido, kuma cikin dare.

'Yan yawon shan iska su ma da nasu. A Disamba da Janairu sanyin dare a Tenere da duwatsun Abzin yana kusan daskarar da ruwa, sai a ja kaskon gawayin shayi cikin tanti ko cikin mota a rufe ko'ina. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sawa, ba a farkawa. Da damina kuma kada a kafa tanti a cikin kori don yashinsa na da laushi. Ruwan da aka yi a kan dutse can nesa yakan iso cikin dare alhali samanka tas take. Mutanen Agadas ba su manta abin da korin Telwa ya yi musu a Satumban 2009 ba. A Abzin da Kawar kuma akwai wuraren da nakiyoyin da aka binne lokutan tawaye ba su gama fita ba, wanda ya bar sawun motoci ya yi gaban kansa yana caca da ransa ne.

Iyaye masu sayar da akuya da buhun gero su haɗa wa yaro kuɗin mota, da ku nake, da shugabannin tasha, da limaman da ake zuwa wurinsu neman addu'ar tafiya. Ku yi addu'ar, sannan ku yi tambaya. Kai kuma da za ka hau, kafin ka miƙa kuɗi ka zagaya motar ka ƙirga jarkokin ruwa da kawunan mutane, ka duba safaya biyu da shebur da famfo, ka ce a nuna maka Thuraya tana kunne, ka tambayi motar da za ku tafi tare da ita, ka ga direbanta da idonka. In aka ce muku ku kaɗai ne, sauko da jakarka, ko da kuɗin ba zai dawo ba.