Daga Kujerar Gwanjo Zuwa Turmin Ƙirya: Me Ke Sa Icce Ya Daɗe?

Gabatarwa

A watan Fabrairu na 2009, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wata tsohuwar kujera mai hannu a birnin Faris a kan Yuro miliyan 21.9. Wata mace 'yar ƙasar Ailan, Eileen Gray, wadda ta shahara wajen tsara gine-gine da kayan ɗaki, ita ce ta ƙera kujerar tsakanin 1917 da 1919. Mai karatu zai yi mamakin yadda abin zama zai kai wannan daraja. Masu tara kayan tarihi suna biyan sunan wanda ya zana ne, da kuma ƙarancin irin kujerar a duniya. To amma akwai sharaɗi guda wanda in babu shi duk wannan ba zai yiwu ba, wato sai iccen ya rayu. A nan ne ilimin halittu ya shigo, kuma a nan ne maganar ta shafi mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Kujerun masu tsara gine-gine

A farkon ƙarni na 20 wasu masu tsara gine-gine a Turai suka ga cewa gida bai kammala ba sai an tsara abin da za a zauna a kai. Marcel Breuer ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi kujera a 1925. Mies van der Rohe ya fito da kujerar Barcelona a 1929. Shi kuwa Alvar Aalto na ƙasar Finland, a 1932 ya lanƙwasa siraran allunan icce ya yi kujera domin asibitin masu tarin fuka na Paimio, ya kishingiɗar da bayanta yadda majinyaci zai sami sauƙin numfashi.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na birnin Chandigarh na Indiya, wanda aka gina a shekarun 1950. Le Corbusier da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret suna cikin waɗanda suka tsara shi, tare da Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda su ne suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan. Jeanneret ya zana kujerun ofisoshi da na makarantu, kafintocin ƙasar suka yi ta ƙera su da iccen tik. Da aka kwana biyu sai hukumomi suka ga sun tsufa, aka jibge su a farfajiya, rana da ruwa suna dukan su, wasu ma aka sayar da su a matsayin tarkace. Dillalai daga Faransa suka kwashe, suka gyara, kowace kujera ta koma ta dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su, bayan da yawa sun riga sun ƙetare teku. A gida Nijeriya ma muna da Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a Zariya, ya haɗa tsara gini da ƙera kujeru, aka kuma karrama shi da babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venice a 2023.

Tambayar da ta kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce: yaya kujerun Chandigarh suka jure wannan wulaƙanci ba su ruɓe ba?

Abin da ke cikin icce

Icce tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye masu kama da bututu, waɗanda bangonsu ya ƙunshi sinadarai biyu manya. Na farko shi ne selulos, wanda sarƙar sukari ce mai ba icce ƙarfin ja. Na biyu shi ne liginin, wanda ke manne zaruruwan wuri guda kamar yadda laka ke riƙe tubali. Idan aka gicciye kututture za a ga kashi biyu. Na waje fari ne, ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, kuma a nan bishiya ke ajiye sitaci. Na ciki ya fi duhu, shi ne zuciyar icce. Ƙwayoyinsa sun riga sun mutu, amma kafin su mutu bishiya ta cika su da mai da ƙaro da wasu sinadarai masu ɗaci. Zuciyar tik tana da mai da kuma wani sinadari da ake kira tektokwinon, wanda gara ba ta so. Wannan shi ne asirin kujerun Jeanneret.

Maƙiyan icce uku

Na farko ita ce gara. Selulos yana da wuyar narkewa, saboda haka gara ba ita kaɗai ke aikin ba. Wasu nau'o'inta suna da ƙananan halittu a hanjinsu masu narkar musu da shi. Masu gina manyan suri kuwa, waɗanda masana ke kira Macrotermes, noma suke yi: suna kai tattaunannen icce cikin suri, su shuka wani irin naman gwari a kansa, shi ya ruɓar da shi, sa'an nan su ci.

Na biyu su ne ƙananan ƙwarin nan masu huda icce, waɗanda ake ganin garinsu a ƙarƙashin gado ko kujera. Tsutsarsu sitaci take nema, don haka farin ɓangaren icce suka fi ci. Na uku shi ne sauyin laima. Da damina icce yana shan danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ba ya tsukewa a tsawonsa sai kaɗan, amma a faɗinsa yana tsukewa sosai. Shi ya sa kujerar da aka ƙera da ɗanyen katako a kudu, in ta sha hunturu ɗaya a Gumel, sai gaɓoɓinta su saki ko ta tsage.

Ilimin masassaƙa

Masassaƙanmu sun san waɗannan abubuwa tun kafin a ƙirƙiro madubin ƙara girman abu. Wanda ya zaga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dubi turmi da taɓarya da ƙota da kujerar mata, zai ga kowane abu da iccen da ya dace da shi. Ƙirya, wato Prosopis africana, tana da nauyi da tauri, gara ba ta cika taɓa zuciyarta ba, don haka ake yin turmi da ita. Marke yana ba da ƙota mai ƙarfi. Aduwa tana da laushin fuska, ana yin allon karatu da ita. Ɗanya tana da sauƙin sassaƙa, ana fafe akushi daga gare ta. Azarar giginya kuwa takan riƙe rufin soro shekaru masu yawa. Har ila yau, kujerar mata daga gungume guda ake fafe ta, babu ƙusa babu gaɓa, saboda haka babu inda hunturu zai kama ya raba.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce waɗannan itatuwa suna ƙaranci. Masarautar Gumel tana bakin iyakar Nijar, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya kashe itatuwa masu yawa, faɗaɗa gonaki da saran makamashi suka ƙara. Taurin ƙirya ma ya zame mata masifa, domin gawayinta shi ne maƙera suka fi so. Bishiya ce mai jinkirin girma, zuciyarta kuwa sai ta manyanta take samuwa. Darbejiya da aka cika garuruwa da ita tana ba da inuwa, amma ba ta maye gurbin ire-iren itatuwan da aka rasa ba. Abin bai tsaya a nan ba: a 2022 yarjejeniyar CITES ta sa maɗaci cikin jerin itatuwan da sai da izini ake cinikin katakonsu tsakanin ƙasashe.

Duk da haka akwai abin koyi a maƙwabta. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Tun da saiwar tana nan a ƙasa da ranta, tohon yana girma fiye da dashe. Dabarar ta yaɗu har Magarya da Matamai a jihar Damagaram, kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Kammalawa

Akwai aikin da malamai da ɗalibai za su iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. A sami guntayen ƙirya da darbejiya da ɗanya masu girma ɗaya, a busar da su, a auna nauyinsu, a binne su kusa da suri. Bayan wata uku a tono, a sake busarwa, a sake aunawa, a kwatanta. Sa'an nan kowane ɗalibi ya tambayi dattawan gidansu tsohuwar kujera ko akushi ko turmin da ke gidan: wa ya sassaƙa, da wane icce, kuma ana samun iccen a dajin garin har yanzu? A rubuta amsoshin a ajiye a makaranta. Mutanen Chandigarh ba su san darajar abin da ke hannunsu ba sai da baƙi suka sa masa farashi. Mu kuwa muna da sauran dama, muddin masassaƙan suna raye kuma kututturan suna toho.