Tantabaru masu alkafura: A sake su ko a kulle su a lokacin sauya gashi?

Duk shekara, daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, wata tsohuwar muhawara kan sake tasowa tsakanin masu kiwon tantabaru a Ingila da Amurka. A wannan lokaci ne ɗakunan tantabaru kan cika da gashi kamar an farke matashin kai, tsuntsayen su yamutse, wuyansu ya yi tsiro-tsiro, fukafukansu kuma su yi giɓi. Tambayar da ke raba kan masu kiwon ita ce: a ci gaba da sakin su suna tashi kamar kullum, ko kuwa a kulle su har sabon gashi ya gama fitowa?

Ga mai kiwon tantabarar gida, wadda ke yawonta ta dawo da kanta, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma akwai wani jinsi da kuskure kan wannan tambaya kan iya zama ajalinsa, wato tantabara mai alkafura da aka fi sani da sunan Birmingham Roller.

Jinsin da aka raina domin juyi

Wannan jinsi ya samo asali ne a birnin Birmingham da garuruwan masana'antu da ke kewaye da shi a tsakiyar Ingila, a ƙarni na 19. Tantabaru masu juyi a sama sun daɗe a duniya, har masanin halittu Charles Darwin ya yi bayaninsu a littafinsa na 1859. Abin da masu kiwon Birmingham suka yi shi ne, sun riƙa zaɓar waɗanda suka fi saurin juyi suna haɗa su, har aka samu tsuntsuwar da kan jefa kanta baya tana cikin tashi, ta yi ta alkafura a jere tana gangarowa, da saurin da ido ba ya iya ƙirgawa. Daga nesa sai a ɗauka ƙwallo ce ke wulwulawa. Bayan ta sauko wasu mitoci sai ta ware fukafukanta, ta tsaya cak, ta koma cikin 'yan uwanta.

Wani Baturen Ingila mai suna William Pensom, wanda daga baya ya koma Los Angeles da zama, shi ne ya fi kowa suna wajen yaɗa jinsin a Amurka, kuma littafin da ya wallafa a kansa a 1958 har yau abin dubawa ne ga masu kiwo.

A yau ana gasar cin kofin duniya ta waɗannan tantabaru. Ba tara tsuntsayen ake yi wuri guda ba; alƙali ne ke bin masu gasa gida-gida, ƙasa-ƙasa. Kowa kan saki garke mai tantabaru 15 zuwa 20, su yi minti 20 a sama, kuma ba a ba da maki sai aƙalla biyar sun yi juyi a lokaci guda. Ana kuma duba kyawun juyin da zurfinsa. Kafin garke ya kai wannan matsayi, sai an shafe watanni ana horar da shi kusan kullum. Wannan ne ya sa maganar kulle shi na makonni take yi wa mai shi nauyi.

Yadda gashin ke sauyawa

Tantabara ba ta zubar da gashinta gaba ɗaya. Kowane fiffike yana da manyan gashi guda 10 a gefensa na waje, waɗanda su ne ke tura tsuntsuwar gaba, kuma bindinta yawanci yana da guda 12. Sauyin kan fara ne daga babban gashi na ɗaya, wanda ya fi kusa da jiki, ya riƙa tafiya waje ɗaya bayan ɗaya, a fukafukan biyu a tare. Na gaba ba ya faɗuwa sai wanda ya gabace shi ya yi nisa da tsirowa. Saboda haka aikin kan ɗauki kusan rabin shekara, kuma a watannin farko da wuya mai kallo ya lura da wani bambanci a tashin tsuntsuwar.

Wahalar tana zuwa ne daga baya. Idan sauyin ya wuce tsakiyar fiffike, sai ƙananan gashin jiki da na wuya da na kai su fara zuba da yawa, bindi ma ya bi sahu. Daga nan sai a zo kan gashi na tara da na goma, waɗanda ke can bakin fiffike, inda iska ta fi bugu.

Sabon gashi kan fito ne a cikin wani kube, da jini a cikinsa. Kafin ya bushe yana da taushi, yana da zafi idan an taɓa, kuma idan ya karye yana zubar da jini. Gashin da ke tsakiyar fiffike yana samun kariya daga maƙwabtansa na dama da hagu. Na goma kuwa ba shi da wani a gabansa, shi ne ke fara karo da iska.

Akwai kuma batun abinci. Kusan kashi 90 cikin 100 na gashin tsuntsu furotin ne, don haka jikin da ke gina sabon gashi yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da kullum. A nan ma akwai cin karo, domin al'adar masu wannan kiwo ita ce su taƙaita abinci, su dogara ga alkama da dawa, don tsuntsayen su kasance marasa nauyi, masu amsa kira. Tsuntsuwar da aka ƙuntata wa abinci, ana kuma tashinta kullum tana tsakiyar sauya gashi, takan fito da gashi mai rauni, mai wasu siraran layuka a gicciye inda yake saurin karyewa. Da wannan gashi za ta zauna har shekara ta zagayo.

Hujjar kowane ɓangare

Masu ra'ayin a ci gaba da tashi suna cewa tsuntsayen daji ba sa daina shawagi don suna sauya gashi, kuma hikimar zubar da shi ɗaya bayan ɗaya ke nan. A ganinsu, kullewa na tsawon makonni na sa tantabara ta yi ƙiba, tsokar ƙirjinta ta saki, hankalinta ya koma kan neman miji ko mata da yin sheƙa. Ranar da aka sake ta kuma, sai ta tashi da zumuɗi ba tare da ƙarfin da zai riƙe ta ba. Sun fi nuna damuwa kan ƙananan da aka ƙyanƙyashe a shekarar, domin sau da yawa a daidai lokacin sauya gashinsu na farko ne juyi ke fara zo musu, kuma ba su da wata hanyar koyon sarrafa shi sai a sama.

Masu ra'ayin a kulle kuma suna amsawa da cewa tsuntsun daji ba ya alkafura. Abin da ke tsayar da tantabara daga juyi fiffike ne da bindi. Su ne birkinta. Idan suka yi giɓi, tana iya kasa tsayawa a kan lokaci, ta daki rufin gida ko ƙasa. Wadda ba ta faɗo ba ma tana iya koyon mugun hali: ta riƙa ware kanta daga garke, ko ta sauka da wuri a kan bishiya ko rufin maƙwabci saboda fiffiken na yi mata zafi. Halin da tantabara ta koya cikin mako biyu yana iya ɗaukar watanni ba a raba ta da shi ba, kuma guda ɗaya mai saukar wuri takan ja sauran.

Shaho a sama

Wani abin da ke ƙara wa muhawarar zafi shi ne shaho. Tantabarar da ke cikin juyi tamkar tsuntsu mai rauni take a idonsa, kuma a Amurka lokacin sauya gashi yana haɗuwa da lokacin da shahuna ke ƙaura zuwa kudu gabanin sanyi. Garken da fukafukansa ba su cika ba ba ya iya tsere musu.

Doka kuwa ba ta bar wa mai kiwo damar ɗaukar fansa ba. A Amurka, dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda daga baya aka faɗaɗa ta, ta haramta kashe shahuna. A Birtaniya ma dokar kare namun daji ta 1981 ta ba su kariya. A 2007, hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta bayyana sakamakon wani binciken sirri da ta yi a tsakanin masu kiwon tantabaru masu alkafura, inda aka gurfanar da mutane a jihohin California da Oregon bisa zargin kamawa da kashe shahuna. Lamarin ya shafa wa harkar baƙin jini ƙwarai. Hanyar da ta rage wa mai bin doka ita ce ya sauya lokacin tashi ko ya rufe ƙofa, shi ya sa da yawa a can suke haɗa hutun sauya gashi da hutun gudun shaho.

Amsar tana jikin fiffike

Idan aka auna hujjojin biyu, za a ga kowanne yana da gaskiya, sai dai a kan mataki daban na sauyin. Ba dukan watanni shidan ne ke da haɗari ba, kuma ba dukan garken ne ke shiga haɗarin a rana ɗaya ba, tunda ba rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su ba. Saboda haka gogaggun masu kiwo ba sa yanke hukunci ɗaya a kan garke duka. Sukan kama tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya kowane mako, su ware fiffike, su ƙirga.

Matuƙar sauyin bai wuce gashi na shida ko na bakwai ba, tashi na ci gaba kamar kullum. Idan gashin jiki ya fara zuba sosai, sai a rage: kwana biyu ko uku a mako, na ɗan gajeren lokaci, a ranar da babu iska mai ƙarfi ko ruwan sama, kuma ba a matsa musu su yi juyin gasa. Wadda ta kai gashi na tara ko na goma yana ɗanye, ko bindinta ya yi babban giɓi, sai a cire ta daga garke har gashin ya bushe. Haka ma wadda aka san juyinta na da zurfi sosai. Ita ce ta farkon shiga hutu. Bayan hutun kuma ba a mayar da ita aiki gaba ɗaya, sai sannu a hankali, domin sauri kan haifi nawa.

A wannan tsakani akan ƙara musu nau'o'in wake da 'yan ƙwayoyi masu mai, a wadata su da tsakuwar da ke taimaka musu niƙa abinci, a kuma riƙa ajiye musu ruwan wanka, wanda ke taimaka wa kuben sabon gashi ya buɗe. Likitocin tsuntsaye suna gargaɗi kan wasu magungunan tsutsar ciki, musamman mai suna fenbendazole, domin yana lalata gashin da ke tsirowa. Maganin da ba na gaggawa ba gara a jinkirta shi.

Akwai darasi a nan ga masu sha'awar irin waɗannan tantabaru a Najeriya, waɗanda sau da yawa daga littattafai da bidiyon Turawa suke samun bayani. Babban abin da ke tsara lokacin sauya gashi a Turai shi ne tsawon yini. A Birmingham yini kan haura awa 16 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa takwas a Disamba. A Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda ake wannan kiwo sosai, lokutan a juye suke. A Kano ko Abuja kuwa, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Wanda ya kulle tantabarunsa a nan don kawai littafi ya ce Satumba, yana iya hutar da mai cikakken fiffike, ya kuma saki mai ɗanyen gashi a wani watan. Abin dogaro shi ne ya riƙe tsuntsuwar a hannu, ya buɗe fiffiken, ya ga inda sauyin ya kai kafin ya buɗe ƙofa.